Ba Babanku Ne Ya Hana Ni Tafiya Ba

Ranar sunan ɗan Mustafa, wanda aka mayar wa sunan babanku, ina cikin ɗaki ina canza mayafi na jiyo muryarki ta taga, Hafsat. Kina tsaye wajen masu rabon waina kina gaya wa wata ƙawarki cewa da yanzu duniya ta san sunan uwarki, ba don mahaifinki ya hana ta tafiya Turai ba. A sauƙaƙe kika faɗe shi, alamar maganar ta daɗe da zauna miki a zuciya. Ban fito ba, don ban so in ɓata wa jama'a taro. Amma tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya, in ɗauki wannan in ajiye, in fita tsakar gida in dawo, har na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ke da Mustafa, tunda wanda kuke ɗora wa laifin yana kwance a inda ba zai iya kare kansa ba.

Sai na fara da aikin, don na lura har kuka girma ba wanda ya fahimci abin da nake yi, in an tambaye ku sai ku ce Umma tana duba taurari, kamar wata bokanya. Can sama, nesa ƙwarai da inda jirage suke bi, akwai wani sashe na iska da hasken rana yake farfasawa har ya riƙa ɗauke da lantarki. Mu 'yan fiziks muna ce masa ayonosfiya. Duk saƙon da tauraron ɗan'adam ya aiko ƙasa, irin wanda wayarki take karɓa ta nuna miki hanya, sai ya ratsa ta cikinsa, kuma ba ya fitowa yadda ya shiga. Yakan yi jinkiri, yakan karkace, wani lokaci ya yi ta rawa har ya ɓace. A samanmu na nan abin ya fi tsanani, musamman daga faɗuwar rana zuwa bayan isha'i, lokacin da sashen yake tasowa yana kumfa kamar talge a kan wuta. Ido ba ya ganinsa. Dabarar da aka samo ita ce a jera na'urori a garuruwa daban-daban, kowacce tana sauraron taurarin tana auna jinkirin saƙonsu, sannan a haɗa awon a fitar da hoton cikin sashen, yadda ake yi wa mutum hoton ciki a asibiti ba tare da an yanka shi ba. Wata jami'a ce a ƙasar waje take haɗa hotunan. Jami'armu aka ba na'ura ɗaya, ni kuma aka damƙa mini ita, daidai lokacin da rana take shiga shekarunta na hargitsi, abin da ba ya dawowa sai bayan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka.

Kayan na isowa aka shiga yajin aiki, aka garƙame ofisoshi, ba wanda ya san ranar buɗewa. Na zauna a gidanmu na Ƙofar Ɗan Agundi ina kallon kwalaye a ƙarƙashin gado, raina yana tafasa. Gidanmu rufin kwano ne, ga bishiyoyin darbejiya sun yi masa rumfa, eriya kuwa tana son fili, ba ta shiri da kwano. Sai na tuna benen Baba, mahaifina, a unguwar Sheshe, benen ƙasa da kakansa ya gina, wanda a lokacin ba ginin da ya kai shi tsawo a lungun. Na je na durƙusa a zaure na yi masa bayanin duk da na yi muku yanzu. Ya saurare ni yana jan carbi, da na gama sai ya ce:

"Rabi'atu, ban gane ko ɗaya ba. Zai ci azarata?"

"Ba zai ci ba, Baba."

"Zai jawo mini tsawa?"

"Za mu sa masa abin da ke kai ta ƙasa."

"To, hau ki kafa, Allah ya ba da sa'a."

Aka kafa eriyar a kan wani guntun ƙarfe, farantin sola a gefenta, waya ta sauko ta jikin indararo zuwa ɗakin da na yi 'yammatancina, inda kwamfuta take. Da sunan na ɗan lokaci muka kafa ta. Abin da ban gaya wa Baba ba, don ni ma sai daga baya na ji nauyinsa, shi ne da zarar an auna mazaunin eriya an fara ɗaukar awo, ba ta sake motsawa, ko da faɗin yatsa ne. In ta motsa, awon jiya da na yau sun raba hanya. Kuma rufin ƙasa rai gare shi, yana shan ruwa ya yi laushi, yana bushewa ya tsage. Dole wani ya riƙa hawa a kai a kai, ya goge kashin tattabaru daga farantin, ya duba ko ɓera ya ci waya, ya ɗora ma'aunin magina ya ga ɗigon ruwan yana tsakiya.

A nan ne maganar take, ku da kuka tashi a unguwar da kowa yake leƙa gidan kowa ta tagar bene ba lallai ku gane ba. A cikin birni namiji ba ya hawa rufi haka kawai. Daga saman benen Baba tsakar gidaje uku kake gani tar, har madafi da bakin rijiya da inda ake shanya. Don haka in za a yi yaɓe kafin damina, tun jajibiri ake aikawa zauren kowane maƙwabci a ce gobe za a hau. Da safen kuma magini yana ɗora ƙafa a kan tsani zai ɗaga murya ya ce za a hau, a kauce, ya dakata har ya ji an amsa. Matan su kwashe shanyarsu, su ja labule, ranar a ɗaka za su wuni. Ba alƙalin da ya rubuta wannan, amma da shi aka gina unguwar, da shi katanga take da amfani.

Ina da abokin aiki a lokacin, Dakta Kabiru, mutumin kirki ne, kada ku ce na ce mugu ne. A gidajen ma'aikata ya tashi, inda shingen furanni ne tsakanin gida da gida. Wani mako Mustafa ya kwanta da zazzaɓi muna asibiti, sai Dakta Kabiru ya ce bari ya ɗauke mini nauyi. Ya zo da hantsi, Baba yana kasuwar Kurmi, sai ya ga bai kamata ya shiga cikin gida ya takura wa Inna, mahaifiyata, ba. Ladabi ne ya kai shi. Ya ari tsani wajen wani mai gyaran wuta, ya jingina ta lungu, ya haye. Hantsi kuwa kun san lokacin mene ne a tsakar gida. Matan Malam Habibu baduku, maƙwabcinmu na gabas, suna bakin rijiya da ɗaurin ƙirji, ɗaya an tsefe mata kai ana shirin kitso. Suka ɗaga ido suka ga ƙato da tabarau a tsaye a kansu. Shi kuwa bawan Allah, don ya nuna ba da mugun nufi ya zo ba, sai ya ɗaga musu hannu ya ce sannunku da aiki.

Da la'asar aka aiko asibiti in zo. Na tarar da Malam Habibu a zauren Baba, yana tsaye, ya ƙi zama a kan tabarma. Mutum ne da tun ina yarinya ban taɓa jin muryarsa ta wuce ta mai karatu ba.

"Alhaji, ubana da ubanka katanga ɗaya suka yi. Ko mage ce ta faɗo daga gidanka, da sallama muke mayar maka da ita. Yau a ce an tsaya a kan iyalina ana gaishe su daga sama?"

Baba bai kare ni ba, bai kare baƙon ba. Ya ba shi haƙuri har sau nawa, ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya zauna. Na fara cewa ai Dakta bai sani ba, ya ɗaga mini hannu.

"Na san bai sani ba. Shi ya sa ba zan sake yarda da wanda bai sani ba. Daga yau ba namijin da zai taka rufin nan sai magina, su ma sau ɗaya a shekara, da aike. Ko a sauke ƙarfen nan yau, ko ke kaɗai ki riƙa hawa. Zaɓi."

"Ni kaɗai zan riƙa hawa, Baba."

Da saurina na amsa, har ina jin daɗi, don na ɗauka na tsira da arha. Haka na shiga zirga-zirga tsakanin Ɗan Agundi da Sheshe, in tattare zani in hau matakalar nan mai tsayi da ba ta da abin riƙewa, wadda ƙafafun magabata suka lashe tsakiyarta. Matan Malam Habibu da farko suna ganina suke shigewa, daga baya suka saba, har uwargidan takan ɗago ta ce, "Malama Rabi, yau me saman ya ce, za a yi ruwa?" In ce mata ba wannan saman nake dubawa ba, ta ce to wanne ne kuma, mu yi dariya. Da magariba nakan zauna gaban kwamfuta in ga layukan awo suna tafiya sumul, ana idar da salla sai su fara tsalle. Wallahi tsigar jikina takan tashi. Abu ne yake faruwa a kan garin nan tun kafin a gina ganuwa, kuma ni ce nake zaune ina kallonsa.

Ana tsakiyar damina saƙo ya zo daga mutanen can. Suna son mutum ɗaya daga sashenmu ya je ya yi shekara guda tare da su, ya koyi haɗa hotunan da hannunsa, kuma sunana suka ambata. Ku ba ku san uwarku a wancan lokacin ba. Tun ina makarantar sakandare nake ji kamar garin nan ya yi mini kaɗan, in jirgi ya wuce sai na bi shi da ido har ya ɓace. Na karanta saƙon a tsaye, na fita tsakar gida na dawo, na sake karantawa. Da na kai wa babanku, yana zaune yana duba takardun ɗalibansa, sai ya cire tabarau ya ce:

"Alhamdu lillahi. Yaushe ne tafiyar, Dakta?"

In yana tsokanata ne yake ce mini Dakta. Na ce, "Malam, yaran fa?"

"Yaran ba su da uba ne? Yayata Asabe tana nan kusa, ni ma na iya dafa shinkafa, ko da za ta caɓe."

Wannan ita ce kalmar farko da mahaifinku ya faɗa a kan tafiyata, ku riƙe ta. Matsalar ba a Ɗan Agundi take ba, tana saman bene a Sheshe. In na tafi, wa zai hau? Babanku ya ce shi zai roƙi Baba, na ce ko Baba ya janye maganarsa, wanda na san ba zai janye ba, ina ka taɓa ganin suruki a kan rufin surukansa? Ɗaliba mace ɗaya muke da ita a sashen, yajin aiki ya mayar da ita garinsu har an ɗaura mata aure. Matar yayana tana da tsohon ciki. A mayar da eriyar can makaranta kuwa, ko an buɗe, yanke awon ne a shekarar da aka fi bukatarsa, kuma mutanen can sun faɗa mini ƙarara cewa in tashar Kano ta yi shiru, hoton zai fito da rami a daidai kanmu. Na yi makonni ina juya abin. In kwanta da niyyar tafiya, in tashi da niyyar zama. Na ƙona miya, na yi wa Mustafa faɗa a kan abin da bai yi ba, ke kuma kina kallona kina rakuɓewa.

Ban san Inna tana lura ba. Kakarku a lokacin ciwon gwiwa ya riga ya kama ta, sai ta dafa bango take tashi daga kan dadduma. Takan zauna a ƙofar ɗakin kwamfuta tana tsinke zogale tana yi mini tambayoyi, ina amsawa ina ɗauka hira ce. Me nake gogewa, da wane tsumma, ina ɗigon ruwan ya kamata ya tsaya. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na yi sammako Sheshe don in duba gindin ƙarfen. Na shiga tsakar gida na ga takalmanta a ajiye a gindin matakala. Na ɗaga kai. Tana saukowa a zaune, tana jan jiki daga wannan mataki zuwa wancan, hannu ɗaya a bango, ɗayan riƙe da tsumma, zaninta duk jar laka. Matakalar jiƙe take sharkaf. Ban ko kira sunanta ba, don kada ta firgita ta zame. Da ta iso ƙasa ta zauna tana haki, ta dube ni tana murmushi kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

"Na goge farantin. Ɗigon yana tsakiya, na duba sau biyu. Kin gani ko? Ba wani abu ba ne. Ki yi tafiyarki, 'yar nan."

"Inna! Kashe ni za ki yi? In kika faɗo in ce wa Baba me?"

"Rage murya, yana zaure, bai sani ba. Ni ba a kai ni makaranta ba, Rabi. Ke an kai ki, kin kai har inda ake kiran ki daga wata ƙasa. Don hawa bene za ki zauna? Ina da rai?"

Na yi mata faɗa irin wanda ban taɓa yi wa babba ba, ina faɗan ina kuka, ina goge mata laka daga ƙafa. Gwiwoyin sun kumbura sun yi sumtum. A nan gindin matakalar na gane cewa zaɓi biyu ne kawai gare ni, don in na bar ƙarfen a sama na tafi, matar nan za ta hau ko an ɗaure ta. Ko in sauke shi in tafi, ko in bar shi in zauna.

Na koma gida da yamma na tarar da babanku ya dawo daga kasuwa da wani ƙunshi. Ya kwance a kan gado yana ta fara'a. Wata ƙatuwar kwat ce mai ruwan toka daga wajen 'yan gwanjo, mai gashi a wuya, nauyinta kamar bargo biyu.

"An ce sanyin can ba ya wasa. Gwada mu gani."

"Malam, ba zan je ba."

Ya ɗauka wasa nake. Da na ba shi labarin Inna sai ya ce a sauke ƙarfen kawai. Ya ce sama ba za ta gudu ba, in na dawo na sake kafawa. Na ce shekarar ce za ta gudu, kuma ba za ta dawo ba sai na tsufa. Na ce in na tafi zan iya haɗa hoton saman kowa, namu kuwa ba abin da za a haɗa shi da shi. Ranar ce kaɗai a zamanmu na ji ya ɗaga mini murya.

"Rabi, na san ki fa! Za ki zauna, sannan ki yi shekara da shekaru kina huci a cikin gidan nan, kina bin jirgi da ido. Ni zan iya da rashinki na shekara ɗaya. Wannan ne ban san ko zan iya ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya iya. Na zauna, Dakta Kabiru ya tafi a madadina. E, shi dai, mai sannunku da aiki. Na yi masa fatan alheri da bakina, zuciyata kuwa sai da ta yi shekaru kafin ta bi bakin. Tashar Kano ba ta yi shiru ba ko sau ɗaya har rana ta huce. Da hotunan suka fito ya aiko mini da su, ga samanmu an zana shi da launuka, ga kumfar nan baƙaƙe suna tasowa bayan magariba daidai yadda nake ganin layukan suna tsalle. Sunansa yana sama tare da na Turawan, nawa yana can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya. Daga baya masu gyara saƙon taurari don jirage da masu awon filaye sun yi amfani da aikin, ana gayyatarsa taro ƙasa-ƙasa, ni ina nan ina koyar da 'yan aji ɗaya. Na kai wa Inna hoton, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta ce, "Duk hawan nan wannan ne? Ai ya yi kama da zanin da rini bai kama ba." Amma ta sa an liƙa mata shi a bangon ɗaki, yana nan har ta rasu.

Ba zan ce muku ban yi ciwo ba. Na yi, har yau in na ji ƙarar jirgi wani abu yana motsa mini. Amma ni na zaɓa, da hankalina, kuma da za a mayar da ni gindin matakalar nan abin da zan sake zaɓa ke nan. Dangi kuwa ba su tambayi kowa ba. Mace ta samu tafiya ba ta tafi ba, ai miji ne. Na faɗa a gidan biki, na faɗa a gidan suna cewa ba shi ba ne, kowa sai ya yi murmushi ya ce Rabi akwai rufa wa miji asiri. Na ce masa ya fito ya yi magana, ya ce in bar su, in ya yi magana sai an tono hawan Inna, Baba ya ji, ran tsoho ya ɓaci a banza. Haka ya ɗauki sunan mai tauye mace ya yi ta yawo da shi, yana gaisawa da masu faɗa. Abin da bai taɓa zato ba, ni ma ban zata ba, shi ne maganar za ta shigo har cikin gidansa ta zauna a kunnen 'yarsa.

Benen yanzu babu shi, bayan rasuwar Baba aka rushe aka yi na siminti, kuma ba wanda yake aika wa kowa kafin ya hau. Malam Habibu ya rasu, Inna ta rasu, ba sauran wanda zan kira ya ba ku shaida. Sai abu ɗaya. Hafsat, kin tuna ƙatuwar kwat ɗin nan mai gashi a wuya da kuke sawa ke da Mustafa kuna wasan dodo, kuna tambayata ta wace ce, ina ce muku ku mayar inda kuka ɗauko? Tana nan a ƙasan akwatina. Sau da yawa na so in bayar, babanku yana cewa in bar ta, wataƙila su sake kira. Har shekarar da ya kwanta ciwon ajali, in damina ta wuce shi yake fito da ita da kansa ya shanya a igiya don kada ta yi fumfuna. In kin zo ranar Juma'a zan ɗauko miki ita, ki ɗaga ki ji nauyinta, sannan ki koma ki nemi ƙawar nan taki ki gyara maganar da kika gaya mata.